Ɓawon Ƙarfen Malam Sabi'u

Shekara arba'in Malam Sabi'u yana ƙira a Gagarawa. Fartanya, lauje, garma, ranar Alhamis ya kai kasuwar Maigatari. Ni maƙwabcinsa ne, na sha fama da taurin kansa. Amma ya san wuta. Kallo ɗaya zai yi wa launin ƙarfe ya san lokacin duka ya yi.

Abu ɗaya ke cin ransa. 'Yarsa Amatullahi ta tafi jami'a a Kano tana binciken kimiyya, shi kuwa ya sa a ransa cewa kunyar maƙera take ji. Bai taɓa faɗa mata ba, ni yake cika wa kunne.

Wata rana ta bugo waya. "Baba, baƙin ɓawon nan da ke zubowa daga ƙarfe in ya yi ja, shi nake nazari. Muna da na'urar da ke nuna yadda ƙwayoyinsa suke jere, da yadda jerin yake sauyawa in zafi ya ƙaru. Don Allah a aiko mini."

Ya ce to. Amma shara zai aika gaban malamanta? Ya zaɓi sabuwar fartanya, ya wuni yana dirza ta da yashi har ɓawon ya fita tas, ya naɗe ta a ƙyalle ya ba direba. Na ce masa ba abin da ta roƙa ke nan ba. Ya ce in ji da kaina.

Ranar Asabar sai ga ta da kanta. Ta gaishe shi, ta tattare mayafi, ta durƙusa a gindin uwar maƙera, inda ake dukan ƙarfe, tana tsintar ɓawo a takarda.

"Baba, wannan a wane zafi ya fito?"

Ya karɓa ya murza. "Mai kaurin nan, sai da ƙarfe ya doshi fari. Wancan siririn, ja kawai ya yi."

"A hankali, Baba, rubutawa nake yi."

Ya dubi alƙalamin yana bin maganarsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce hayaƙi ne, alhali wutar ta mutu tun azahar. Ni ma abin ya taɓa ni.

Tun daga ranar ya hana a share maƙera. Jiya na taka wurin bisa kuskure, ya daka mini tsawa: "Ɗaga ƙafarka, kayan Amatullahi ne."