Robobin Iya Kulu

Iya Kulu maƙwabciyata ce a Kibiya, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Daga Rurum aka kawo ta aure ina ɗalibi a makarantar Mishan, kuma har yau Ɗan Mishan take ce da ni, ko da yake furfura ta rufe min kai. Mijinta, Malam Datti, manomin dawa da albasa ne. Da ya rasu, da ƙosai da kunu ta riƙe 'ya'yansu. Tun da na rasa matata kwanon tuwonta bai daina tsallako katanga ba, har a shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da wasunmu 'yan coci suka riƙa ɗari-ɗari da maƙwabta. Ita ko a jikinta.

Tsohon madafinta ɗakin ƙasa ne, hayaƙi ya mai da azararsa baƙa ƙirin, da damina kuma sai an tara kwanoni saboda yoyo. Amma kowane abu da mazubinsa. Gishiri yana cikin ƙoƙo mai tsagaggen baki, sukari a gwangwanin madara, kanwa a kasko, kuka a wata 'yar tukunya mai wuya. Na sha jin tana aiken jikoki daga tsakar gida, tana faɗa musu inda za su sa hannu ba tare da ta waiwaya ba.

A shekarar zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki, ɗanta na fari, Abdulganiyyu, wanda ke tuƙa mota tsakanin Rano da Kano, ya rushe madafin ya gina mata kicin na bulo. Aka yi rufin kwano da daɓen siminti, aka buga kanta hawa-hawa, aka fitar wa murhu hanyar hayaƙi, aka ajiye risho a gefe. Ya kuma kawo robobi masu murfi daga Kano, duk girmansu ɗaya. Tsofaffin mazubai kuwa matarsa Muhsina ta rabar wa maƙwabta, kamar yadda ake yi idan sabo ya shigo gida. Iya Kulu ta yi ta sa albarka. Tarin da ta daɗe tana yi ma ya lafa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta jima tana girki da hannu, in ta taɓa mazubi ta san abin da ke ciki. Sababbin robobin kuwa ba su gaya wa hannu komai. Sai ta koma sansana kuka da daddawa, gishiri da sukari kuma ta ɗanɗana, haka ta yi ta rufa wa kanta asiri har azumi ya kama.

Mai azumi ba ya son kai abu baki. Kunun tsamiya da take aikawa masallacin unguwa kowace shekara don buɗa-baki, ran nan da gishiri ya tafi. Dattawa suka kurɓa suka yi shiru, amma kafin Isha'i labari ya zaga. Kwana kaɗan aka sake. Abdulganiyyu ya yanke cewa tsufa ne, bayan Sallah Muhsina za ta karɓi kicin, Iya ta huta.

Da hantsi ta aiko a kira ni zaure. Ta ce in an raba ta da murhu an gama da ita, sai zaman jiran kwano. Nan ta gaya min zancen idon. Na ce ta faɗa wa ɗanta mana.

"Ɗan Mishan, karatun naka bai kai nan ba? Yaron da ko sunansa ba na kamawa, shi zan zaunar in ce kyautarsa ce ta kunyata ni?"

Gaskiyarta. Ɗan fari ne, tsakaninsu sai gaisuwa da kawar da kai. Ta ce ni zan faɗa masa, amma in dakata tukuna, tana da abin yi.

Komawa karɓo kyautar da aka riga aka bayar abin kunya ne, don haka ba roƙo ta fita ba. Ta juye kayan robobin a ƙulle-ƙullen leda, ta wanke su, ta bi gidaje tana musaya: sabuwar roba a ba ta tsohon mazubinta. Mata suka yi ta murna suna ganin sun ci riba. Ƙoƙon gishirin ne ya ba ta wahala, domin ya tafi ruga wurin Hidaya mai kawo nono. A ƙofar gidana suka yi cinikin ranar kasuwa.

"Kaɗo dai ba ya rabuwa da tarkace," in ji Hidaya. "Ƙoƙon da kajina ke shan ruwa a ciki?"

"Ke da kike ɗaure ƙwarya da zare tun zamanin kakarki? Kawo min abina, ga roba biyu."

"Uku. Kajin ma sai an ba su haƙuri."

A uku aka rabu.

Ranar Juma'a Abdulganiyyu ya zo ya ga gwangwani da kasko jere a kan sabuwar kantarsa, ya fito ransa a ɓace. Na tare shi, na zaunar da shi a kan dakalina, na faɗa masa komai yadda ta ce. Sai ya tambaye ni tun yaushe, na ce ita ma ba ta riƙe ba. Ya ce shi da ke kai mutane asibitin ido a motarsa, amma bai lura da idon mahaifiyarsa ba.

Maganar karɓe kicin ba a sake tayar da ita ba. Muhsina ta riƙa shiga suna yi tare, bisa sharaɗin Iya guda ɗaya: abin da aka ɗauka a hawan sama ba ya kwana a hawan ƙasa, ko da baƙi ne suka yi aikin. Bayan Sallah ya kai ta Kano aka yi mata aiki a ido ɗaya, ɗayan likita ya ce sai an jira.

Ranar da aka cire mata auduga ta dawo, kicin ta fara shiga. Muhsina ta ce ta tsaya a tsakiya tana juyawa a hankali kamar baƙuwa. Da yamma ta leƙo zaure ta ce da ni ashe shuɗin fenti ya yi mata, ita duk zaton fari take yi.

"Ka ce wa yaron nan ya iya zaɓe. Allah ya yi masa albarka."

Yana tsaye a bayana yana ji. Ya ce amin a hankali, ita kuwa ta koma ciki ta ɗora sanwa.