Gawayin da Na Ji Tsoron Taɓawa

Ni ba mutumin yawo ba ne. Wuri mafi nisa da na taɓa zuwa shi ne kasuwar Dole Kaina, kuma ranar ma da marmarin gida na dawo. Boko ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Zaman da nake yi wurin tsofaffi ya sa na san iyakar kowace gona a fadamarmu, daga giginyar wane zuwa surin wane.

Shi ya sa da Malam Idi mai safiyo ya zo awon filaye daga Bagudo, aka haɗa shi da ni. Ni ke riƙe masa sanda, ni ke kafa turakun siminti. Kafin a kafa kowane turke sai ya sa na zuba gawayi da fasasshiyar kwalba a ramin. Ban tambaya ba. A raina na ce, ashe masu boko ma suna da asirinsu.

Akwai wani jami'in filaye da ba sa ga maciji da shi. Duk taswirar da Malam Idi ya zana sai ta bi ta hannunsa kafin ta shiga rajista, shi kuma yana so a ƙara wa wani ɗan kasuwa fili daga gonar Baba Hamidu, tsoho mai shinkafa. Malam Idi ya ƙi. Sai jami'in ya fara aiko mini da shinkafar Benin, wata rana man babur. Ranar da ya faɗi buƙatarsa dariya yake yi.

"Kai dai matsa turken nan kaɗan. Wa za shi gani? Ruwa ma shina matsa iyaka."

Na matsa. Na maimaita a wata kusurwar. Gawayin kuwa na bar shi a tsohon rami na rufe, don ina tsoron taɓa asirin mutane.

Da aka fito duba aiki, taswira ta ce nan, turke ya ce can. Jami'in ya ƙi sa ta a rajista, ya ce a gaban jama'a Malam Idi maƙaryaci ne mai cin amanar talakawa. 'Ya'yan Baba Hamidu suka yi masa ca, ɗaya ya kai masa fartanya a kafaɗar dama. Ina tsaye, sandarsa a hannuna, na bar su suna ɗora masa laifina. Har ni na ɗaure masa raunin, yana cewa, "Na gode, ƙanena."

Magana ta kai kotu, alƙali ya zo gonar da kansa. Malam Idi ya auna da hannu ɗaya, ya nuna wani wuri ya ce a haƙa. Gawayi ya fito baƙi ƙirin. Ashe ba asiri ba ne, shaida ce, don gawayi ba ya ruɓewa a ƙasa. Ƙarƙashin sabon turken kuwa babu komai. Malam Idi ya juyo ya kalle ni, na faɗi gaskiya tun ba a tambaye ni ba.

Jami'in ya ce bai san ni ba, aka yi masa canjin wurin aiki. Ni aka kai gidan yari, ni da ba na iya kwana a garin wani.

Da na fito, gidan Malam Idi na fara zuwa. An wanke sunansa, gonar ta koma wa mai ita, amma hannun bai ƙara ɗaguwa ba, ya bar awo. Na durƙusa. Ya ce, "Na yafe. Abu guda ya dame ni: mi ya hana ka tambaye ni ko minene gawayin? Da na koya maka aikin duka."

Samari, idan babba ya fara yi muku kyautar da ba ku yi wa aiki ba, ku mayar masa tun tana buhu. Ni na ji tsoron gawayi, ban ji tsoron Allah ba. Yanzu duk Juma'a nakan je gaishe shi, kuma da hagu yake miƙo mini hannu.