Baba da Mai Sama

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farinsa, kuma a ƙauyenmu da ke bakin tabkin Madarumfa uba yana jin kunyar ɗan fari. In yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce a gaya wa yaron nan ya kawo ruwa, ko da kuwa daga ni sai shi a zauren. Ina ƙarami abin bai dame ni ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Sai da na girma na lura mutumin nan bai taɓa duban ƙwayar idona ba.

Azne ne, wato yana kan addinin kakanni. Mahaifiyata ta kama salla tun ina goye, mu 'ya'yanta duk muka bi ta, shi kuma bai hana ba. Lokacin da na gama lakwal, wato makarantar boko, na tafi Maradi akwai sauran gidajen azna a garin. Da na dawo da aikin koyarwa, shi kaɗai ya rage, ga mahaifiyata ta rasu. In aka kira salla maza suka nufi masallaci, yana nan gindin rumbu yana tufkar igiya. Ba mai tsangwamarsa. Gaishe shi ake yi a wuce, kuma a ganina wannan ya fi tsangwama ciwo.

A Maradi na yi karatun addini, na dawo kaina cike da hujja, ga ni dama da saurin fushi. Abu guda ya tsaya mini a rai. An karantar da ni cewa wanda ya mutu bai yi kalmar shahada ba, ba a yi masa salla, kuma ɗansa ba shi da izinin nema masa gafara. Baba kuwa ya tsufa, har ya fara dafa gwiwa in zai tashi. Tsoro nake ji ƙwarai, amma a bakina tsoron nan faɗa yake zama.

Wata rana da rani muna ban ruwa a lambunsa na bakin tabki, shi da bokiti ni da bokiti. A nan ne kawai muke iya magana, don kowa yana duban albasa, ba sai an haɗa ido ba.

Na ce, "Baba, kai a wurinka wane ne Allah?"

Ya juye ruwansa a hankali. "Mai sama? Shi ya yi tabkin ga, shi ya yi ni. Wa bai san haka ba?"

"To don me ba ka roƙonsa? Don me kowace shekara kake yanka wa Uwar Gona kaza?" Uwar Gona ita ce iskar da azna suke ba amanar shuka.

"Ita kusa take, kuma tana cin kaza," in ji shi. "Shi mi za ni ba shi? Kazar tashi ce, wuƙar tashi ce. Kuma wanda ke riƙe da rana, shi za ni tasa don tsutsa ta shiga hatsina?"

Na zazzage masa duk abin da na sani. Na ce Allah ba ya nisa, yana jin kowa, ba ya gajiya, ba ya bukatar ɗan aike tsakaninsa da bawansa. Ya saurara har na ƙare, bai katse ni ba.

"Na ji ku ai," ya ce. "Sau biyar kuna kiran sunanshi da lasifika, har awaki sun saba. Ku ba ku jin nauyinshi? Ni dai ban iya ba. Babba ba a kiranshi haka nan."

Raina ya ɓaci. Na jefar da bokitin, na ambaci shirka, na ambaci wuta, na kama hanyar gida. Da na waiwaya daga nesa, na hango shi ya ɗauki bokitina yana ƙarasa ban ruwan gefena.

Daga ranar na daina cin naman da ya yanka. Matata takan aika masa tuwo, ya ci shi kaɗai a zaure, a wanke kwanonsa daban. Ni na kafa wannan doka, ba wani malami ba, ina ganin in ya ji kaɗaici zai sauko. Bai sauko ba, kuma bai yi ƙorafi ba. Haka muka yi shekaru a gida ɗaya, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nasa, ina jin tarinsa yana jin nawa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. In hadari ya taso aka yi tsawa, Baba yakan cire hularsa ya sunkuyar da kai, ya yi shiru har ta lafa. Ni da na haddace sunayen Allah ina jero su bayan salla, sau da yawa hankalina yana wajen takardun 'yan lakwal da ban duba ba. Na yi imani ni ne a kan gaskiya, har gobe kuwa. Amma irin wannan shirun nasa ban taɓa samunsa ba, kuma na yi kishinsa.

Ciwon ya kama shi da kaka, ana ɗaurin damman gero. Muka ɗora shi a amalanken jaki zuwa likita a cikin Madarumfa, aka ba shi magani, Baba ya ce a mai da shi gida. Ƙanwarsa, gwaggona, wadda ita ma mai salla ce, ta zo jinya. Ni kuma na ɗauki hutu na tare a bakin gadonsa, ba abin da nake yi sai maimaita kalmar shahada yadda zai ji. Fuskarsa tana wajen bango kamar kullum. Sau ɗaya ya ce wa Gwaggo, "Ce ma yaron ga ya tahi ya ci abinci."

Rana ta uku da hantsi Gwaggo ta fita damo kunu. Sai na ga ya juyo da kyar, ya ɗaga kai, ya dube ni cikin ido. Ina da shekara arba'in da wani abu, ban san idanunsa sun yi fari-fari haka ba.

"Kai," ya ce. "Ina son…"

Na ce a raina ga lokacin ya zo, kada in bar shi ya wuce. Na kama hannunsa na ce, "Faɗi, Baba, ce la'ilaha illallahu." Na sake faɗa, na ƙara ɗaga murya, na sake. Ban ba shi sarari ko na numfashi ɗaya ba. Ya ci gaba da dubana na ɗan lokaci, bakinsa a buɗe. Sannan ya rufe bakin, ya zare hannunsa, ya mai da fuska bango. Bayan azahar ya cika, bai ƙara cewa komai ba.

Liman ya zo har ƙofar gida ya yi mini ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya daɗe, amma ya ce na san ba za a iya yi masa salla ba. Na ce na sani. Wasu tsofaffi biyu suka zo daga wajen garin Gabi a kan babur, su ne ragowar abokansa azna, suka binne shi yadda suka gada. Ni na haƙa kabarin. Da suka fara nasu, na koma gefe na tsaya, ban san yadda zan yi da hannuwana ba.

Na tambayi Gwaggo me take jin ya so faɗa. Ta ce, "Wa ya sani, ɗana? Wataƙila zancen gona ne, wataƙila ruwa shika so." Wani lokaci nakan ce kalmar ce ya nufa, ni na firgita shi. Wani lokaci nakan ce sunana zai kira. Ba ni da hujjar ko ɗaya.

Na je wurin malamai a Maradi kan zancen nema masa gafara, na tsallaka iyakar ƙasa na tambayi wasu. Amsar ɗaya ce. Mai taushin cikinsu ya ce in bar lamarinsa ga Allah, shi ya san abin da ke cikin zukata. Na bari, don ba ni da yadda zan yi.

Duk Juma'a liman yakan roƙa wa iyayenmu gafara, sahu ya ɗauka da amin. Ina faɗin tawa don mahaifiyata, sannan in tsaya, hannuwana a sama. Ina kewar tsohon nan, kuma ina jin tsoro dominsa. Wanda kaɗai zan iya kai wa kukana yana kusa, yana jina, kuma a wurinsa ne aka ce kada in roƙa wa Baba.