Oba-obar da ban yi wa sarji ba

Ƴan uwa, yau saura ƙiris in kashe abokin aikina saboda sarjin waya.

Da safe na zare oba-obata, rediyon da muke magana da juna a wurin aiki, daga wuta na jona wayata. Na ce minti goma, sai na manta.

Bayan azahar aka kira mu, mangazar ajiyar gyaɗa ta kama wuta a hanyar Bande. Aka ce mai gadi yana ciki. Sale, wanda muke aikin kashe gobara tare, ya sa takunkumin numfashi mai rediyo a jiki ya shiga. Ni ne a waje da oba-oba, ni ne idonsa.

Da farko ina jin numfashinsa a oba-obar, huu, huu. Shef, shugabanmu, ya ɗaga kai ya ce, “Habu, rufi zai faɗo, ce masa ya fito!”

Na danna. Ta mutu murus!

Na yi ta ihu da baki, amma ƙarar injin ruwa ta danne ni. Sai salati.

Can sai ga Sale da mai gadin, wani tsoho, a kafaɗa. Bai yi taku biyar ba rufin ya rufto.

Ya cire takunkumi ya rungume ni. “Allah ya biya ka, ɗan uwa. Sau uku na ji ka a kunnena: Sale fito!”

Na nuna masa oba-obar, na gaya masa abin da na yi, a gaban Shef. Na ce ya yafe ni.

Sale ya juya ta, ya danna, shiru. Ya dube ni.

“Na yafe. To amma Habu, wa ya kira ni?”