Wushiryar Gidanmu

A shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, motoci na yawo a Gazawa da lasifika, a shekarar ne aka rufe wushiryar jikata.

Wushirya gadon gidanmu ce. Mijina na da ita, ɗana na da ita. Da Allah ya karɓi ɗan nawa, sai ya bar mini ita a bakin ɗiyarsa. In yarinyar ta yi dariya, ubanta nake gani zaune a bakin rumbu.

To, kawunta ya ɗauke ta Yamai karatun lakol, wato boko. Da ta girma ta ce aikin rediyo take so, amma iska na kuɓuce mata tsakanin haƙora in tana magana. Aka ɗaura mata waya a baki, haƙoran suka yi ta matsowa har suka haɗe. Ta zo hutu na duba, na kau da kai. Na ce a raina, bari dai a cire ƙarfen, abin gado ai zai dawo.

Ashe likitan haƙori ma ya san haka. Ranar da na raka ta wurinsa a Maradi, ya ɗaga leɓenta na sama, ya nuna mini wani siririn nama da ya sauko daga leɓen ya ratsa dasashi.

Ya ce, "Inna, kin gan shi? Shi ke raba haƙoran. In ba a yanke shi ba, sai su sake buɗewa."

Na ce, "Yanka? Ai wannan aikin wanzami ne, kamar cire belu."

Ya yi murmushi. Jikata ta ce, "Kaka, ke dai da wanzaminki! Ni ba za a taɓa ni ba sai kin ce to."

Na daɗe ina kallon bakinta. Da na ce a'a, da ta haƙura, na san halinta. Amma bakin nata ne, abincinta kuma a cikinsa yake. Na ce, "Bismilla, likita."

Ya yi mata allurar kashe zafi, ya yanka, ya ɗinke da zaren da ya ce da kansa zai narke. Ina riƙe da ƙafarta, ban gama salati ba ya ce an gama.

Da muka koma gida leɓen ya kumbura. Ni kuwa tun tasowata na san ciwo gashi yake so. Na dama kunu mai zafi da yaji, na ɗora ruwa a wuta. Ta riƙe hannuna, maganar na fita da ƙyar: "Tsohuwa, kashe ni za ki yi? Sanyi aka ce, sanyi!"

Na sauke tukunyar. Na nemo nono wurin Fulani, na dama fura da ruwan randa, na tace gayan, ina ba ta a ludayi kamar jinjira. Tana kurkure baki da ruwan gishiri. Kumburin ya saɓe, zaren ya ɓace, ta koma tauna ƙuli-ƙuli tana tsokanata.

Wushiryar ba ta dawo ba. Da safen da za ta koma, na raka ta tasha, ta leƙo ta tagar mota ta yi mini dariya da haƙoranta a jere. Na ce, "Sun yi kyau, ƴar nan." Kuma sun yi ɗin. Sai da motar ta sha kwana na zauna a benci na yi kukana.