Tsumman Ra'ad

Har yau ban manta da ranar da aka ajiye mini takarda a kan tebur, aka ce in sa hannu in tabbatar da cewa Ra'ad ba shi da basira ba. A farkon shekarun dubu biyu ne, ina likitan dabbobi a wani kamfani da ke da kwangilar binciken kaya a filin jirgin sama na Madina. Ga waɗanda ba su san aikin ba, kowane kare yana da mutum ɗaya da ke riƙe da shi. Ana bi da shi ta jerin akwatuna yana sansanawa, idan ya ji warin abin da aka hana shigowa da shi, sai ya zauna. Nawa aikin shi ne lafiyarsu da ajiye bayanin kowannensu, kuma ba a cire kare daga aiki sai da sa hannuna.

Karnukanmu iri biyu ne. Akwai Labrador, masu sanyin hali da son abinci, cikinsu har da wata mai suna Sukkar. Sai Ra'ad, ɗan jinsin karnukan kiwo na Beljiyam da ake kira Malinuwa, siriri, idonsa kullum a kan mai riƙe da shi. Da aka kawo shi babu kamarsa. Bayan 'yan watanni ya fara wuce akwatin gwaji kamar bai san me ake nema ba.

Mudir ɗinmu, wato shugaban sashe, Ustaz Fahad, shi ya kawo takardar da kansa. Ya ce, "Ya duktur, wannan irin kansu babu komai. Dubi Sukkar, ba ta taɓa kuskure ba. Halas, magana ta ƙare, ka sa hannu."

Na san abin da sa hannun ke nufi. Allurar mutuwa ce ga karen, kuma ƙa'idar kamfani ita ce duk wanda ba shi da kare ba shi da aiki. Mai riƙe da Ra'ad shi ne Bakur, Bahaushe haihuwar Madina, magidanci, wanda ke jan mu sallah a wurin aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Ustaz Fahad na auna karen, lafiyarsa ƙalau, hancinsa ƙalau, kuma ba zan rubuta daƙiƙanci a kan jinsin da aka fi sani da saurin ɗaukar horo ba. Ya ce, "Ɗayyib, shi ke nan. Na ba ka zuwa ƙarshen wata." Wannan jinkirin ba wajibinsa ba ne, kuma ina gode masa a kansa.

Washegari na bar ofis na tsaya a filin atisaye. Sukkar ta gano abin da aka ɓoye, aka jefa mata biskit, ta cafke, magana ta ƙare. Ra'ad ma ya gano, ya zauna, ya ɗaga kai yana duban Bakur. Bakur ya tsaya nesa ya ce masa "shaɗir", wato gwani, ya tura masa wani tsumma da ƙafa. Karen bai ko kalli tsumman ba. A zagaye na gaba bai zauna ba.

To, shi Malinuwa ba don ciki yake aiki ba. Ladansa shi ne mai riƙe da shi ya kama gefen tsumma, shi ya kama ɗaya gefen da haƙori, su yi ta ja.

Na ce, "Bakur, me ya hana ka ja da shi?"

Ya sunkuyar da kai, ya amsa rabi Hausa rabi Larabci, kamar yadda ya saba. "Ya duktur, tsumman nan duk yawu ne. Najasa. Azahar ta zo, La'asar ta zo, ni ne liman. Da farko ina yi, ina wankewa, ina canja tufa, har na gaji. Wallahi ina tausayinsa, amma sallar mutane fa?"

Ban ga laifinsa ba, kuma ni ba malami ba ne. Da na rasa mafita sai na roƙe shi ya kai ni wurin mahaifinsa, Baba Idi, a unguwar Harra ta Gabas, ko zai ba mu shawara. Tsohon baduku ne, an zo da shi aikin hajji yana ƙarami, iyayensa suka zauna. Ya saurare mu yana zuba shayi, sannan ya ce da ɗansa, "Mu da muka tashi a karatun Malikiyya, an koya mana duk abu mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Kai a makarantar garin nan aka koya maka daban, kuma ba zan ce ka bar abin da zuciyarka ta natsu da shi ba. Amma dabba ta yi maka aiki ka hana ta haƙƙinta, wannan a wace mazhaba ka karanta shi?"

Bakur ya ce, "Baba, kai ma yanzu lauyan kare ka zama?"

"Lauyan abincin jikokina dai. Likita, kawo mini tsumman in gani."

Ya ɗinka wa tsumman doguwar mariƙa ta fata, ya yi wa Bakur safar hannu har gwiwar hannu, da rigar fata ta gaba irin ta mahauta. Ranar farko da Bakur ya kama mariƙar ya ja, Ra'ad ya kusa kayar da shi.

Ƙarshen wata Ustaz Fahad ya ɓoye abin gwaji da hannunsa cikin kwalin dabino, a tsakiyar kaya masu yawa. Ra'ad ya nufi kwalin ya zauna. Mudir ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga baya ya sa aka yi wa duk masu riƙe karnuka irin safar, aka ja famfo zuwa bakin filin don wanke hannu.

Abin da nake gaya wa masu shigowa aikin nan shi ne, karnuka sun bambanta a basira, gaskiya ne, amma sun fi bambanta a abin da suke yi wa aiki. Kafin ka rubuta cewa kare ba ya ɗaukar horo, ka duba ko ana biyan sa da abin da jinsinsa ke so, ka kuma tambayi mai riƙe da shi abin da ya hana. Ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shugaba mai jinkiri da dattijo mai hikima, Allah ya jiƙan Baba Idi. Bakur ya yi shekaru da Ra'ad. Idan lokacin sallah ya yi, yakan cire safar ya rataye a ƙusa, ya yi alwala, ya wuce gaba mu bi shi.