Turmin Malam Iro

Duk wanda ya san yayana Malam Iro a Kabo ya san kalmomin nan biyu: "Muna jira." In mutum ya maƙale a tsakiyar magana, sai Yaya ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannu a gwiwa, ya faɗe su, ko da kuwa hadari ne ya haɗo. Wanda ya kuskura ya ƙarasa wa mai in'ina maganarsa kuwa, sai ya ji carbi a gadon baya. Ni Sale, ƙanensa, na fi kowa shan carbin nan, don Allah ya yi ni da gaggawar baki. Har muka yi furfura yana hana ni ban hanu ba, kuma wannan halin nawa ne ya jawo abin da ya hana ni sukuni tun ranar da muka binne shi. Amma ku bari in fara da na dariyar.

Shi ma da in'ina ya tashi. Innarmu ce ta lura in yana taya ta daka, maganarsa fita take sumul, kowace gaɓa tana bin saukar taɓarya. Da ya girma ya gama karatunsa, sai ya kafa tsohon turminta a gindin durumin ƙofar gida, ya ce duk mai nauyin harshe ya zo. Suka yi ta zuwa daga Gude, daga Durun, har daga Madadi. Kai, ka ga ƙato da gemu, taɓarya a hannu, gumi sharkaf, yana "sa-la-mu a-lai-kum", 'yan kasuwa suna wucewa suna ƙunshe dariya! Ko ɓarin goro bai taɓa karɓa ba, malamai uku ma ya koya wa sirrin kyauta. Abu ɗaya ne ba ya yarda da shi: a daki turmi wofi. Ya ce ɓarnar ƙarfi ce.

Matan unguwa ba su ɗauki lokaci ba suka gane, sai ga kwanukan gero suna fitowa tun da hantsi. Wani dattijo na Madadi ya yi wata biyu yana daka, bakinsa ya sake, Yaya ya sallame shi. Nan take maƙwabciyarmu Goggo Hansai ta aiko a gaya wa Malam ita dai a kunnenta mutumin nan bai gama warkewa ba, kuma tana da sauran kwano biyu. Yaya ya shafa gemu, ya ƙara wa bawan Allah kwana biyu.

Da Ɗan'asabe wanzami kuwa ba sa ga maciji. Shi wanzami da ya ji mai in'ina sai ya ce linzami ne a ƙarƙashin harshe, a yanke kawai. Shekara da shekaru suna musu a bakin masallaci. Sai ga 'yar autar wanzamin ta tashi da in'ina. Ya riƙo hannunta, ya biyo ta bayan gida, yana waige-waige.

"Ina askar?" in ji Yaya.

"Malam, ai wannan tawa ce."

Babbar kuwa ita ce ta hanya. Shekarar da Turawa suka zo auna hanyar mota ta wajen Gwarzo, igiyarsu ta bi ta kan rijiyar Ɗanjuma na Gude, wadda kakansa ya haƙa, unguwa guda ke sha. Ɗanjuma na cikin masu daka a wurin Yaya, bai yi nisa ba. Aka tsayar da shi gaban Bature, ya buɗe baki ya ce "ri… ri…", ya ƙame. Tafinta ya gaji, ya ce mutumin ya yarda, a wuce. Wallahi sai na ga Yaya ya laluba carbinsa! Na riƙe masa riga, na ce Yaya za a ɗaure mu. Ya fizge, ya zauna daɓas a kan igiyar awon, ya ce, "Muna jira." Ya miƙa wa Ɗanjuma sandarsa ya ce ya daki ƙasa. Rana tana tsaka, Bature ya yi jajur, Ɗanjuma yana buga sanda yana fidda maganar gaɓa-gaɓa, har ya kai ƙarshe: rijiyar gado ce, bai yarda ba. Ko tausayi ne ya kama Baturen ko zafin rana, oho, hanya dai ta kauce wa rijiyar. Gwiwar hanyar nan da direbobi ke zagi gab da Gude, ta Yaya ce.

To, ga nawa. Shekarar da zai rasu, bayan kaka, ɓarin jikin Yaya ya shanye, baki ya karkace. Mutumin da ya kwance harshen rabin ƙasar nan ya koma sai ido. Na lura akwai abin da yake so ya gaya mini, ni kaɗai, don da na shigo sai ya fara kokawa da leɓe. Ni kuma ba na iya kallon wahalar. Ya ce "ka…", sai in ce ruwa? Fura? A juya ka? Kwana uku ina yi masa haka, shi kuma ba hannun ɗaga carbi. Sai ya juyar da fuska bango.

Rana ta huɗu Ɗanjuma ya zo. Ya mirgino turmin har ƙofar ɗaki, ya zuba gero, ya fara daka a hankali. Muka ga yatsan Yaya na hannun da ya rage yana bin taɓaryar a kan tabarma. Ya dube ni. Muryar ta fito, siririya amma tas.

"Sa-le… ka…"

Taɓarya ta sauka sau ɗaya, sau biyu. Zuciyata ta karye, bakina ya riga ni.

"In yafe maka? Na yafe, Yaya, ni ma ka yafe mini."

Ya tsura mini ido. Ba fushi na gani ba, gajiya ce. Yatsan ya tsaya, ya rufe baki. Ɗanjuma ya jefar da taɓarya ya fita yana kuka, har yau ba ya amsa gaisuwata. Bayan la'asar Yaya ya cika.

Matarsa ta ce ƙila turmin yake so in riƙe. Liman ya ce in daina damun kaina, ai abin da na faɗa ma alheri ne. Ni dai na san ba shi ke nan ba, na gani a idonsa. Mutumin da ya zaunar da Bature a rana saboda maganar wani, tasa guda ɗaya ban iya jira ba. Abin yana cin raina, ba ranar da ba ya faɗo mini.

Turmin yana nan gindin durumi, masu in'ina suna zuwa jefi-jefi. Ban iya komai ba, sai dai in zuba musu gero, in cusa goro a baki don kada in yi magana.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya sauƙaƙe masa amsa a kabari, ya ba shi mala'iku masu haƙuri. Allah ya haɗa mu a inda zai ƙarasa maganar nan, in zauna a gabansa in yi gum. Ina jira, Yaya.